Gida Mai Bango Uku

Yaran da muke aiki tare a ofishin injiniya suna yi mini tsiya, wai aikin Ammu Sale, wato ni, ai ko makaho zai yi shi. A shiga gida, a ƙwanƙwasa bango, a sha shayi, a fito. Ɗaya daga cikinsu, ɗan unguwar Hindawiyya ta nan Makka ne da Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, har kwaikwayona yake yi. Ya kara kunne a jikin bango, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Dariya nake yi, don ya iya. Suna da na'urar da ke nuna danshi a cikin siminti, da wadda ke gano rodi ta bayan filasta, kuma ba zan yi ƙarya ba, kayan suna da kyau. Ni ma nakan roƙe su su haska mini wurin da nake shakka. Amma tunda sun ce aikin ba wuya, bari in gaya musu yadda na same shi, da gidan da na duba wanda har yau zuciyata ba ta fito daga cikinsa ba.

Daga Gwarzo na zo Makka ina saurayi, da takardar aikin gini. Wanda ya karɓe ni shi ne Mu'allim Haruna, magini, haifaffen unguwar Misfala. Mahaifinsa ne ya tako daga ƙasar Katsina da ƙafa, ta Sudan, ya sauke farali ya zauna. Mu'allim ɗan ƙasa ne, Larabcinsa na Makka tsantsa, amma in ransa ya ɓaci Katsinanci ne ke fitowa, kuma ni na fi kowa shan sa. Gini yake yi, sai dai abin da aka fi saninsa da shi shi ne kashafi, wato duba gida kafin a sayar. A lokacin ba ofis, ba hatimi. Mai gida zai aiko a kira shi, ya zagaya gidan ciki da bai, ya fito ƙofa ya tsaya gaban dillali da mai saye ya faɗi abin da ya gani. Abin da ya faɗa shi ke nan, ba mai ƙarawa ba mai ragewa.

Shekarata ta farko ban taɓa guduma ba. Tsani nake ɗauka da jaka, in bi shi muna hawan lungunan nan na kan dutse, yana gaba yana faɗa. Jakar tana wurina har yau, kuma abin da ke cikinta bai canja ba. Akwai ƙaramar guduma mai ƙotar itace da hannunsa ya goge har tana sheƙi. Filastar da ke riƙe da bango amsarta gajera ce, wadda ta rabu da shi kuwa sai ka ji tana amsawa kamar ganga. Akwai igiya mai dalma a baki, a sake ta daga saman rufi a ga ko bango ya karkata. Akwai tocila, da ƙwallon gilashi irin na wasan yara, wanda ake ajiyewa a tsakiyar ɗaki a ga inda zai gangara. Sai ƙullin jibs, farin garin nan da ake kwaɓawa. In ka ga tsaga a bango ba ka sani ba ko tsohuwa ce da ta daɗe da tsayawa ko kuwa tana nan tana buɗewa, sai ka manna jibs a kanta ka tafi. In ka dawo bayan kwanaki ka tarar da shi lafiya, bangon ya zauna. In ya tsage, gidan tafiya yake yi.

Wani gida a Hindawiyya shi ne inda na fara gane ba guduma ce kan gaba a aikin ba. Mai gidan ya sha sabon fenti tun daga ƙofa har bene, ya turare ko'ina, ya shimfiɗa mana darduma. Ni har na fara yaba gidan a raina. Mu'allim bai ko buɗe jaka ba. Ya ce a yi masa iso wajen uwargida ya gaishe ta, ya tsaya a bayan labule suka gaisa, sannan ya tambaye ta wace ƙofa ce a gidan ta daina rufuwa. Baiwar Allah ta ce ta madafi ce, tun bara sai an sa kafaɗa. Na ga fuskar mai gidan ta canja. Muka ɗaga tabarmar madafin, muka buɗe murfin hazzan, rumbun ruwan da ake ginawa a ƙarƙashin gida, sai ga shi yana yoyo, ya jiƙa ƙasa har kusurwar gidan ta zauna. A hanyar dawowa Mu'allim ya ce mini namiji fita yake yi da safe ya dawo da yamma, mace ce ke ture ƙofar nan kullum, don haka ita zan fara tambaya kafin in tambayi bango. Ban taɓa shiga gida na tsallake wannan tambaya ba.

Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai mai jawo kabad ya rufe tsaga, ya zauna kusa da shi yana ta ba ka labarin kakansa don kada ka ce a matsar. Akwai mai ƙona turare tun safe saboda warin danshi, bai san turaren ne ke tona shi ba, don ba mai turara ɗakin ajiya haka kawai. Akwai magadan da kowa ke sauri, kana saman tsani suna tambayarka ko ka gama. Akwai kuma mutanen kirki, waɗanda za su kama hannunka su kai ka wurin da ke damunsu. Waɗannan sun fi wuyar aiki, domin in ka sami abin da ya fi wanda suka nuna maka, da wane baki za ka faɗa?

Sai kun san yadda aka gina tsohuwar Misfala za ku gane sauran labarin. Gidajen dutse ne da nura, farar ƙasar da ake haɗa duwatsu da ita kafin siminti ya yi yawa, an jera su a gangaren dutse, wannan manne da wancan. Da watan Zulƙida ya kama, mutanen gida su kwashe tabarmi da tukwane su koma saman rufi, a kafa rumfa, a bar wa alhazai ɗakuna. Wanda ya sami sarari ya ƙara bene don baƙin baɗi. Fili kuwa ba shi da yawa, saboda haka in za ka yi gini a gefen maƙwabci ba ka ta da bango naka a wannan ɓangare. Zuwa za ka yi ka gaishe shi, ka ce kana so ka sa kan katakonka a bangonsa. Ban taɓa jin wanda ya hana ba, abin kunya ne. A huda bangon, a zura kawunan katakon rufi, irin wanda a gida za mu ce azara, a cike da nura. Gidaje da yawa a layinmu bango uku gare su, na huɗun na maƙwabci ne.

Gidan Mu'allim kansa haka yake. Katakonsa a bangon Alhaji Mamman yake, wani mutumin Damagaram mai sayar da nama. Da hannuna na zura kawunan katakon benen sama a wannan bango, Alhaji Mamman yana ƙasa yana miƙo mana ruwan sanyi. Madafin gidajen biyu baya da baya suke. Matar Mu'allim, Inna Zulai, da matar Alhaji Mamman, Hajiya Kande, suna da wata al'ada. Kullum in la'asar ta gabato, wadda ta riga shiryawa sai ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa bangon, ɗayar ta amsa daga can, su haɗu a ƙofa su gangara Harami da ƙafa. Mu'allim yakan ce Inna ta fi shi iya kashafi, tunda ita kullum sai ta gwada bangon nan. A gidan na ci tuwo shekaru, a ɗakin zaurensa na kwana kafin in yi aure. Ranar da Mu'allim ya rasu, Inna ce ta aiko mini da jakar.

Mummunar shekara ta zo ne da jan fenti. Kalma ɗaya ake fesawa a jikin gida, izala, wato za a rushe. Layi bayan layi ake yi, katafila na biye, ana buɗe hanyoyi ana ta da otal-otal. Ban ce ba a biya mutane ba, kuma ban ce alhazai ba sa bukatar masauki ba, na ga yawansu da idona. Amma sana'ata ta mutu murus a wannan shekara. Wa zai kira mai duba lafiyar gidan da katafila ke jira? Mai saye ƙasar yake so, ko bangon na takarda ne bai dame shi ba. Dillalan da ke rububina suka koma gaishe ni daga nesa. Da Hajji ya zo na tafi Mina dako, ina ɗaukar katifu da kwalayen ruwa zuwa tantuna, ni da furfurata. Ba nauyin kayan ne ya dame ni ba. Dawowa ce, in shigo unguwa in rasa lungun da zan bi, don lungun babu shi. Daga baya ne wannan ofis ya ɗauke ni, da masu sayen sababbin gidaje suka fara neman a duba musu.

Rushewar ta ci gidan Alhaji Mamman ta tsaya daidai nan. Shi ya riga ya rasu, Hajiya Kande kuma 'ya'yanta suka tafi da ita Jidda. Masu rushewa da suka ga katakon wani gida a cikin bangon, sai suka bar shi tsaye, suka kwashe sauran. A bayansa aka haƙa rami mai zurfi na harsashin otal. Duk lokacin da na je gaida Inna nakan ɗauke kaina daga wannan ɓangare, don na san abin da idona zai fara nema.

Wata rana ɗanta Faisal ya kira ni a waya, ya ce Ummi, wato Inna, tana nemana da jakata. Faisal babban mutum ne yanzu, ma'aikaci, yana zaune da iyalinsa a Shara'i, can bayan gari inda sai da mota ake zuwa Harami. Shi da 'yan'uwansa sun yanke shawarar sayar da gidan, tunda gado ne kuma kowa ya tashi sai Inna. Masu saye biyu ne. Masu otal suna son filin, su rushe. Sai Tijjani, ɗan unguwa mai shagon turare da tasbaha, wanda ke son gidan a matsayin gida, ya zauna a ciki ya riƙa saukar alhazai a sama, kuma ya yi alkawari Inna za ta ci gaba da zama a ɗakinta na ƙasa har iyakar rayuwarta. 'Ya'yan suka zaɓi Tijjani saboda uwarsu, ko da yake tayinsa bai kai na wancan ba. Abin da Inna ke so a duniya ɗaya ne, ta ƙarasa kwanakinta a inda ƙafarta za ta kai ta Harami. Tijjani ya ce ba sai an duba ba, a gidan ya yi wasa yana yaro. Inna ta ce ba ta san wannan ba.

Faisal ya tare ni a ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Hausarsa da Larabci a cakuɗe take.

"Ya Ammu, mutumin ya yarda, halas, an gama. Ummi ce ta nace. Ka duba sama-sama, Allah yihallik."

Na wuce shi na shiga. Inna tana zaune a tsakar gida a kan kujerarta, sandarta a gefe. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ai da ta bar zancen duba gidan nan, tunda mai saye na gida ne.

"Sale," ta ce, "ubangidanka bai taɓa bari a sayar da gidan wani a rufe ba. Nasa ne za a sayar a rufe?"

Na sunkuyar da kai. Da na ɗago sai na yi mata tambayar, don ba ni da wata hanyar farawa.

"Inna, wace ƙofa ce ta daina rufuwa?"

Ta yi murmushi, ta ce ashe ban manta ba. Ta ce ta madafi ce, kafinta ya zo ya fere ta, ta yi 'yan watanni ta sake kamawa. Ta ƙara da tagar ɗakin sama, wadda ban ma tambaya ba.

Na fara da inda na san zan ji daɗi. Bango ukun da Mu'allim ya gina suna nan kamar jiya aka gama su, duk inda na sa guduma amsa gajera. Hazzan ba ya yoyo. Matakala ba ta motsa ba. Na daɗe a saman rufi fiye da yadda aikin ke bukata, ina duba magudanar ruwan da na riga na ga lafiyarta lau. A nan muke kwana lokacin Hajji. Rufi na kallon rufi, hayaƙin girki na tashi ta ko'ina, ƙanshin miyar kuka daga wannan gida, na shinkafar Bukhari daga wancan, mata na miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, yara na tsallakawa daga gida zuwa gida ba sa taɓa ƙasa. Ranar kuwa da na juya, gilashin otal ne ta kowane gefe, da dogon agogon nan na bakin Harami a samansu. Kewar unguwar ta kama ni har sai da na zauna a bakin katanga. Na yi kewar Mu'allim da faɗansa, na yi kewar hayaniyar da a da nake ƙorafi a kanta.

Daga ƙarshe dai dole na je bango na huɗu. Na saki igiya daga sama, dalmar ta tsaya nesa da gindin bangon, alamar kansa ya fita waje wajen ramin. A ɗakin sama na ajiye ƙwallon gilashi, ya yi ɗan jim, sannan ya gangara a hankali ya je ya tsaya a jikin bangon Alhaji Mamman. Na hau tsani na ɓalle silin na haska tocila. Kawunan katakon da na zura da hannuna sun zamo. Itacen da ya sha hayaƙi ya yi baƙi, amma daf da bango ga wani fari tas, wanda duk shekarun nan yana ɓoye a cikin nura, yanzu ya fito fili. A madafi kuma tsaga ce ta bi kusurwa tun daga sama har ƙasa, inda bangon Mu'allim ya haɗu da na maƙwabcinsa.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, kuma ku yara ku riƙe wannan, ba a yanke wa gida hukunci a rana ɗaya. Yana yiwuwa bangon ya motsa ne lokacin da ake haƙa ramin, ya sami wurin zama ya tsaya. Na kwaɓa jibs na manna a kan tsagar madafin, na ce wa Inna zan dawo bayan Juma'a, kada kowa ya taɓa. Washegari na kawo injiniyan ofishinmu, mutum mai haƙuri, ya duba ciki ya zagaya ya leƙa ramin. Ya ce in jibs ya riƙe, za a iya kafa ginshiƙan ƙarfe ta ciki su ɗauke wa bangon nauyin katako, gida ya rayu. In kuwa ya tsage, ƙasar ce da kanta ke zamewa, duk abin da aka kafa a kanta tare za su tafi. Ta waje kuma ko taku ɗaya ba na su Inna ba ne, balle a tokare.

Tsakiyar makon na kasa haƙuri, na ƙirƙiri dalili na je. Na tarar da Inna a ƙofa za ta tafi la'asar, sai na karɓi dardumarta muka gangara tare. Hanyar da a da lungu ce mai inuwa, yanzu tsakanin shingen kwano ake bi, manyan motoci na wucewa da ƙura. Tana tafe tana dogara sanda tana nuna mini wurare, nan gidan wance yake, nan mai ƙosai take zama, nan aka yi walimar auren Faisal. Ba komai a wuraren sai kwalta. Na tambaye ta labarin Hajiya Kande, ta ce suna gaisawa a waya, amma kunnen Kande ya yi nauyi, rabin hirar ihu ce. Ta ce bayan tashinsu ta taɓa mantawa ta ɗauki ludayi ta buga bangon, sai ta ji sautin ya wuce kawai, ba abin da ya tare shi. Tun ranar ba ta sake ba. Da muka shiga harabar Harami na ga tafiyarta ta canja, sandar ma kamar ba ta bukatarta. Ban leƙa madafin ba a ranar, na koma gida daga masallaci.

Ranar Asabar na dawo. Faisal yana nan, Tijjani yana nan, da dillali. Na wuce madafi ni kaɗai na haska. Jibs ya tsage, siririyar tsaga kamar gashi, amma ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. A kan kantar madafin ga sauran ƙullin jibs ɗin da na manta, an ɗaure bakinsa an ajiye shi a gefe. Ina tsaye sai na ji sandar Inna a bayana.

"Tun shekaranjiya ya tsage," ta ce. "Faisal ya gani. Na ce ba mai taɓa shi sai ka zo."

Na fita ƙofar gida na tsaya inda Mu'allim ke tsayawa in zai yi magana, na faɗi abin da na gani kamar yadda ya koya mini, mai kyau da farko, sannan sauran. Na ce bango uku lafiya, hazzan lafiya, matakala lafiya. Na ce na huɗun ba na gidan ba ne, kuma yana tafiya, katakon bene na bin sa. Na ce ban yarda a sa mutum a ɗakunan sama ba, kuma ban yarda kowa ya kai lokacin Hajji yana cikin gidan ba, ko a ƙasa. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam na iya shi. Dillali ya kalli ƙasa. Faisal ya juya baya yana share fuska da gefen hiraminsa.

Tijjani yaron kirki ne. Ya ce shi dai ya ji ya gani, zai saya a haka, a kafa ƙarfen a gwada, Allah ne mai tsarewa. Inna ta bar shi ya gama.

"Tijjani, Allah ya yi maka albarka. Amma alhazai za ka sa a sama. Bayin Allah da suka sayar da gona suka zo. Ba a gidan nan ba."

Shi ke nan. Aka sayar wa masu otal a matsayin fili. Ranar da aka rushe ban je ba, kuma har yau in aiki ya kai ni Misfala nakan zagaye wannan layi.

Kafin a mayar da Inna Shara'i, Faisal ya ce in zo in duba gidan da ya kama mata, a hawa ɗaya da nasa. Na je da yaran ofis da na'urorinsu, har da mai kwaikwayona. Sabon gini ne, ginshiƙan rodi da siminti, ga lif, ga na'urar sanyaya ɗaki a ko'ina. Suka haska, na ƙwanƙwasa, muka haɗu a kan magana ɗaya, gidan ba shi da aibi. Duk ƙofofinsa suna rufuwa da ɗan yatsa. Faisal ya kawo Inna ta ga wurin, aka ajiye mata kujera a madafi don nan ta ce za ta zauna. Ina so in faranta mata, sai na ce wannan gini a kan ƙafafunsa yake tsaye, ko an rushe duk gidajen da ke kewaye da shi ba abin da zai same shi. Ta gyaɗa kai.

Muna nan aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ta kalli bangon da ke gefenta, ta tambayi Faisal su waye a bayansa. Ya ce bai sani ba, wasu 'yan haya ne, bai taɓa haɗuwa da su ba.

"Sale, ba ni gudumar nan."

Na miƙa mata. Ta juya ta a hannunta, ta shafa ƙotar inda ta goge. Sannan ta ɗaga ta ƙwanƙwasa bangon, irin ƙwanƙwasar da na shekara ina ji daga zaure kullum la'asar. Ta tsaya tana saurare. Mu ma duk muka yi tsit, har yaran. Ba abin da ake ji sai ƙugin na'urar sanyi. Ta jira fiye da yadda ake jiran amsa, sannan ta miƙo mini gudumar.

"Bango mai kyau ne," ta ce.

Na mayar da ita cikin jaka, na ce haka ne, Inna, lafiyarsa ƙalau.